Malamin da ya ajiye alli yana son sayar da gida ya koma ƙauye

Wani dattijo daga unguwar Garin Malam a Damagaram ya aiko mana da wasiƙa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuta a taƙaice:

"Na fito daga makarantar horon malamai ta nan Damagaram, na kama alli a 1987, na ajiye shi a 2023. A cikin shekara 36 ɗin nan an kai ni ƙasar Tanut, da Gure, da Gigmi, da Matamai, daga ƙarshe na yi shekara tara ina darekta a wani ƙauye na ƙasar Magariya. Gida ɗaya na iya ginawa, shi ne wanda nake ciki da mai ɗakina da autanmu. Tun da na dawo ban sami kaina ba. A garin da aka haife ni yaran unguwa ba su san ko ni wane ne ba, abokan ƙuruciya wasu sun rasu, wasu kuma bayan gaisuwa ba mu da abin faɗa wa juna. Da safe in na ji yara suna wucewa zuwa lakwal sai ƙirjina ya yi nauyi. Ina kiwon tattabaru kaɗan, na dasa zogale ruwa ya gagara, ƴaƴana kuma suna cewa in zauna in huta tun da girma ya zo. Mutanen ƙauyen nan sun yi mini alkawarin fili da lambu, ina so in sayar da gidan in koma can, amma mai ɗakina ta ƙi, har mun kai wata biyu ba mu yi hira mai daɗi ba. Mene ne shawararka?"

Baba Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka maka da alheri a kan shekarun da ka ƙarar a gaban allo. Na karanta wasiƙarka sau uku kafin in fara amsawa, domin ba ƙaramin nauyi ba ne ɗa ya ba uba shawara, ballantana uban da ɗaruruwan mutane suka koyi haɗa baƙi a hannunsa. Tsaranku ne suka riƙe makarantun ƙasar nan a lokacin da riƙonsu ya yi wuya. Kun ga shekarun 1990 da yaje-yajen aiki da albashin da yakan yi watanni bai zo ba, kun ga watan Janairun 1994 da darajar sefa ta ragu da rabi, kuma duk da haka da safe kuka riƙa buɗe aji. Wanda ya ratso wannan bai cancanci a ce masa ya zauna ya yi shiru ba, kuma nauyin da kake ji a ƙirjinka idan yara suna wucewa ba abin kunya ba ne.

Amsata a kan gidan ba ta da kwana-kwana: kada ka sayar da shi. Shi kaɗai ne abin da shekara 36 ta bar maka wanda za ka iya dafawa da hannu, kuma ka fi ni sanin cewa fansho yana ciyar da mutum amma ba ya gina masa gida na biyu. Damagaram ta yau ba ta lokacin da ka sayi filinka ba ce. Tun da aka kafa jami'a a 2010, aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, gari ya yi ta miƙewa ta kowace kusurwa, filaye suka yi tsada, wanda ya saki gida a cikin unguwa irin taka da wuya ya sake samun kamarsa idan ya so dawowa. Ka haɗa wannan da maganar jiki. A shekarunka, zama kusa da babban asibiti dukiya ce da mutum ba ya sanin darajarta sai daren da ya buƙace ta, kuma ka san halin hanyoyin ƙauye idan damina ta kankama. Filin da aka yi maka alkawari kuwa, ban yi shakkar kyakkyawar niyyar waɗanda suka faɗa ba, amma alkawarin baki yana tafiya tare da mai bakin, magadansa ba lalle su san da zancen ba. Ko aro ne ko kyauta, in har za ka karɓa, a rubuta shi a gaban mai gari da hukumar filaye ta karkara da ake kira COFO, a ba ka takardarka.

Sai dai na san ba lissafin fili ne ya hana ka barci ba. Abin da ke janka zuwa ƙauyen nan shi ne a can kowa ya san ka. A can, in ka fito da safe, daga bakin rijiya har tashar mota ana cewa "Mushe (wato Malam), ina kwana", a kawo maka wasiƙa ka karanta, a kira ka sulhu, a ajiye maka wuri a sahun gaba ranar suna. Ina roƙon ka yi wa kanka wata tambaya mai ɗaci, ka kuma amsa ta tsakaninka da Allah: nawa ne daga cikin wannan girma aka ba ka don kai ne, nawa ne aka ba kujerar darekta? Na tabbata kaso mai yawa naka ne, domin mutanen ƙauye ba sa yi wa wanda ba su ƙauna tayin lambu. Amma yanzu akwai wani darekta a makarantar nan, shi ake kai wa wasiƙu, shi iyaye ke nema idan an kori yaro, kuma idan ka koma za ka ji ƙarar yara suna wucewa da safe kamar yadda kake ji a Garin Malam, ƙila ma ta fi ciwo, tun da ajin da suke nufa naka ne a da.

Saboda haka ka gwada kafin ka yanke. Bayan an gama girbi, idan sanyi ya shigo aka fara noman rani, ka je ka yi wata uku a can a matsayin baƙo mai aron lambu. Ƙasar Magariya da Matamai Allah ya albarkace su da ƙoramu, ruwa yana kusa, ana samun rake da rogo da kabeji da tumatir da albasa, kuma babu abin da zai hana ka riƙe ƴan fangali kaɗan ka ga yadda bayanka da gwiwoyinka za su karɓi ban ruwa safe da yamma, ko abin da man inji zai ci daga fanshonka in inji za ka sa. Mako biyun farko za a yi ta yanka maka kaji. Ka dubi wata na biyu da na uku, lokacin da baƙunta ta ƙare kowa ya koma kan hidimarsa, domin a nan ne za ka ga ainihin zaman da kake shirin sayar da gida dominsa. In ya yi maka daɗi, ka mai da shi al'ada, kowace shekara ka yi sanyi a can ka dawo gida kafin zafin bazara. Mutane da yawa suna da gona a wani wuri da gida a wani, ba su sayar da ko ɗaya ba.

Yanzu bari in tsaya a kan mai ɗakinka, domin a ganina nan ne maganar ta fi nauyi, ko da yake layi biyu kawai ka ba ta a wasiƙarka. Ka lissafa mini garuruwa biyar da aka kai ka. Duk lokacin da takardar canjin wurin aiki ta zo, kai ka tarar da aji da allo da abokan aiki suna jiranka, ita kuwa ta tarar da ɗaki wanda ba ta san maƙwabtansa ba. Ita ta ɗaure tukwane da tabarmi a bayan mota, ita ta koyi jan ruwa a rijiyoyin arewa masu zurfi a ƙasar Tanut, ita ta shiga kasuwar Gigmi inda Barbarci ya fi yawa a bakin mutane ta yi cefane har ta saba, kuma wataƙila ta yi jego nesa da uwarta fiye da sau ɗaya. Duk inda ta fara yin ƙawaye, ta shiga adashi, aka san ta a gidan biki, sai a sake cewa ta kwance gado. Ranar da ka ajiye alli, ita ma ranar ce ta ajiye ɗaurin kaya. Yau tana cikin danginta, tana da makarantar Islamiyya da take zuwa, tana da gidajen da in ta yi kwana biyu ba ta leƙa ba za a aiko a tambaya, sai ga shi kana ce mata ta sake naɗe tabarma a karo na shida, wannan karon kuma ba gwamnati ce ta ce ba, kai ne. Ƙin da ta yi ba taurin kai ba ne. Kuma akwai abin da mata ke tunawa wanda maza kan kauda kai daga gare shi: in Allah ya ɗauke ka kafin ita, a ina za ta zauna, ita da autanku, idan gidan ya tafi?

Akwai kuma wani abu da nake so ka duba a hankali. Shekara da shekaru, daga safe har yamma gidan nata ne, ita ke tsara shi yadda ta ga dama. Yanzu kana nan wuni zubur, kuma idon da ya saba ganin kuskure a littafin yaro ba ya daina gani don an yi ritaya. In ka lura kana yawan gyara mata yadda ake ajiye kaya, ko yawan gawayin da aka ƙona, ko lokacin da aka ɗora tukunya, to ka rage. Ka same ta bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru, ka fara da gaya mata cewa maganar sayar da gida ta mutu. Sai bayan ta ji wannan hankalinta ya kwanta, sannan ka gaya mata abin da ka gaya mini game da safiya da ƙarar yara, domin ina kyautata zaton ba ka taɓa faɗa mata shi a fili ba.

Game da baƙuntar da kake ji a garinku, Hausawa sun riga sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma su ne kuma suka ce zumunta a ƙafa take. Unguwa ba za ta san ka ba kana zaune a tsakar gida. Zan ba ka labarin malamin da ya koyar da ni a aji shida, wanda ya yi ritaya a unguwar Zango. Wata rana na je gaishe shi bayan la'asar, na tarar ya shafa baƙin fenti a bangon zaurensa, faɗin tabarma ɗaya, yara bakwai suna zaune a ƙasa, takalmansu a jere a bakin ƙofa. Akwai wata yarinya ƴar aji huɗu da ba ta iya karanta sunanta ba. Na ga ya zuba rairayi a faranti, ya kama ɗan yatsanta yana jan harafi da shi, ya share da tafin hannu, su sake, har sau goma ko fiye, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da aka kira magariba ya sallame su, ya kakkaɓe alli daga hannun rigarsa, fuskarsa kamar ta wanda ya dawo daga idi. Ba ya karɓar ko dala, amma a gabana wata uwa ta aiko masa da alkaki a kwano, kuma a kan hanyarmu ta zuwa masallaci babu ƙofar da ba a gaishe shi ba.

Wannan shi ne abin da nake so ka fara, tun kafin zancen lambu. Kada ka buɗe makaranta, kada ka sa allon talla, kada ka wuce yara shida ko takwas, kuma ka zaɓi waɗanda aka bari a baya a karatu da lissafi, domin a ajin da yara suka yi yawa irinsu ne malami ba ya samun sukunin tsayawa a kansu. Kwana huɗu a mako ya isa, tsakanin la'asar da magariba. Abin da jikinka ya rasa shi ne lokaci tsayayye da wani yake jiranka a cikinsa, kuma wannan zai mayar maka da shi. In ka ga dama ka je ka gaida darektan makarantar unguwarku, ka gaya masa abin da kake yi, ka ce ƙofarka a buɗe take ga matasan malamai, musamman ƴan kwantiragi, da ke son a nuna musu yadda ake shirya darasi ko yadda ake riƙe aji mai cunkoso. Ka je masa a matsayin uba mai tayin hannu, kada ya ji kamar sufeto ne ya shigo.

Tattabarunka kuwa kada ka bari kowa ya raina maka su. Kiwo ne da ya dace da gidan birni, ba ya cin wuri, ba ya cin ruwa mai yawa, kuma yana koya wa mai shi lura. Tattabara ƙwai biyu take yi, namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci, cikin kwana 18 ko kusa da haka su ƙyanƙyashe, bayan wata guda ƴan shila sun isa yanka ko sayarwa. Ka ɗaga tukwanensu sama inda mage ba za ta kai ba, ka riƙa sauya musu ruwa kullum, ka kuma ba ɗaya daga cikin yaran zaurenka aikin ƙirga su da rubuta ranar da kowace ta yi ƙwai, ka ga lissafi ya shiga ba tare da ya sani ba. Zogale kuma ba laifinka ba ne da ya wahala. Garinmu a kan dutse yake zaune, ƙishirwarsa tsohuwa ce, har tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har yau daga nesa ake janyo mana ruwan famfo. Wanda yake sayen ruwa a hannun ƴan garuwa ba zai yi lambu a tsakar gida ba. Amma itace biyar ko shida na zogale za su rayu da ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi in ka dasa su kusa da inda ake zubarwa, ka rufe gindinsu da ciyawa don kada rana ta shanye laimar, ka datse kansu idan sun kai ƙirjinka don su yi rassa maimakon su tafi sama. In hannunka yana ƙaiƙayin lambu na sosai, Mirya tana nan kilomita 18 kacal, ka je da safe ka kwana a gidanka.

Ƴaƴanka da ke cewa ka huta, ƙauna ce ta sa su faɗa, kuma suna gudun a ce sun bar ubansu yana wahala. Ka gode musu, ka gaya musu cewa hutun da ya wuce kima shi ke kwantar da tsoho, sannan ka ba su hanyar taimakon da za ta yi maka amfani: wani ya sayo fenti da alli, wani ya ɗauki nauyin buhun dawar tattabaru. In kuma nauyin ƙirjin nan yana zuwa da haki, ko barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka har mako biyu ko uku, kada ka ce tunani ne kawai, ka je a auna hawan jini da sukari, ka gaya wa likita duk abin da kake ji. Zaman dara da yamma da komawa gaban malami don ɗaukar karatun littattafai, waɗannan ka fi ni sanin inda ake samunsu a Birni da Zango, kuma duka biyun suna kawo abokai.

Na bar abin da ya fi tsaya mini a rai zuwa nan. Garuruwan nan biyar da ka zauna, kana ɗauke da su a kanka, kuma babu wanda zai iya rubuta su yadda ka gan su. Ka sayi littafin rubutu biyar, kowane gari da nasa. Ka rubuta ranar da mota ta sauke ka a ƙasar Tanut kana saurayi, wa ya tarbe ka, a ina ka kwana, gaba nawa ce rijiyar garin, nawa ake sayar da tiyar hatsi a shekarar. Ka rubuta yadda ake kafa ajin zana bayan damina da yadda iska ke kwashe shi, yadda wasu iyaye ke ɓoye ƴaƴansu ranar ɗaukar sababbin ɗalibai da dabarar da ka yi har suka yarda, da ranar da yarinya ta farko a ƙauyen ta ci jarrabawa. Ka rubuta da Hausa. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu yaranmu suna ƙarancin abin karantawa da ya yi maganar garuruwansu da harshensu. Shafi ɗaya a rana bayan sallar asuba, a daidai lokacin da yara ke wucewa, ya ishe ka, autanku kuma ya riƙa shigar maka da shi a kwamfuta ko a waya don kada ya ɓata.

Kuma kada ka rubuta shi kai kaɗai. Rabin labarin yana wurin mai ɗakinka, domin ita ta san sunan matar da ta ba ku aron turmi a Gure, ita ta san shekarar da ƙyanda ta kama yara a Gigmi da wanda ya kawo muku nono kuna jinya, abubuwan da suka faru a bayan katanga kana aji. Ka riƙa karanta mata abin da ka rubuta da dare, ta gyara maka inda ka manta ko ka ruɗe.

Mutanen ƙauyen nan kuwa ka aika musu da godiya tun yanzu, ka ce kana nan tafe bayan girbi da niyyar wata uku, a ware maka fangali kaɗan kusa da ruwa. Ka tambayi mai ɗakinka ko za ta raka ka ko da na mako guda ne ta gaisa da tsofaffin maƙwabtanta, in ta ce a'a kada ka matsa. Idan ka dawo, Baba Malam, ka sake rubuto mini, ina so in ji yadda wata na uku ya kasance, da kuma ko yaran zaure sun fara haɗa baƙi. Allah ya ja kwana, ya sanya albarka a gidan.